Mu Bar wa Tukunya Rabonta na Albasa



Kowace shekara, daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, albasa takan cika kasuwa har ta rasa daraja. Motoci sukan yi layi a bakin lambu, a cika buhuna, a ɗinke, a loda, kuɗi su shiga aljihu. Bayan wata biyar ko shida, a gidan manomin nan da ya loda mota guda, uwargida za ta aiki yaro ya sayo albasa ƙwaya biyu da tsada. Ko kuwa ta haƙura da ita gaba ɗaya, ta marmasa dunƙulen magi uku cikin tukunya domin abinci ya ciwu. Abin ya zama mana jiki har ba ma ganin aibinsa. Mu dai muna ganin hasara ce, kuma za mu nuna haka ta wurin abinci guda ɗaya mai sauƙi, watau shinkafa da albasa.

Ga ra'ayinmu a taƙaice. Gidan da ke noman shinkafa da albasa yana da abin da zai yi girki mai daɗi duk shekara ba tare da dogara ga kanti ba, in dai an yi abu biyu. Na ɗaya, a koyi soya albasa yadda ya kamata, gama a nan daɗin yake. Na biyu, a ware wa tukunya rabonta tun ranar cire albasa, kafin mai saye ya iso.

Abin da ke cikin albasa

In aka kasa albasa kashi goma, wajen kashi tara ruwa ne. Cikin ɗayan da ya rage akwai sukari, akwai kuma wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, wanda ke ba ta yaji da wari. Sa'ad da wuƙa ta ratsa ta, wani tururi yakan tashi daga wurin yankan ya shiga ido, shi ke kawo hawaye. Dakusasshiyar wuƙa murƙushe albasa take yi, don haka ta fi sa hawaye. A wasa wuƙa kafin a fara, za a ga bambanci.

Idan albasa ta shiga mai mai zafi, sauye-sauye sukan zo bi da bi. Da fari ruwan jikinta yana fita, ta yi laushi, ta yi haske. Sa'an nan yajin ya mutu, zaƙin ya bayyana. Daga ƙarshe, bayan ruwan ya ƙafe, sukarin ya soma soyuwa a hankali, launinta ya koma kamar na zuma, ƙanshi ya cika gida. Wannan mataki na ƙarshe shi ake nema, shi ne kuma yawancin masu girki ba su jira su kai gare shi. Akan zuba albasa cikin mai, kafin minti biyu an tsayar da sanwa. Albasar da aka yi wa haka dahuwa kawai ta yi cikin ruwa, ba ta ba da rabin abin da ke cikinta ba. Waɗansu kuma sukan hura wuta sosai don a yi sauri, sai gefe ya yi baƙi alhali ciki ɗanye ne, ɗaci ya shiga abinci. Aikin yana bukatar minti 15 zuwa 20 a kan wuta matsakaiciya, babu wata hanyar yanke. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, in ji magabata, albasa kuwa ba ta kai dutse tauri ba.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. A ƙasashen Lebanon da Siriya akwai abincin talakawa da ake kira mujaddara: shinkafa ce da wani irin ƙaramin wake, a bisa a zuba soyayyiyar albasa mai yawa. A Masar, abincin da suke kira koshari, wanda ma'aikata ke saye a bakin titi, ba ya cika sai da soyayyiyar albasa a kansa. A Senegal kuwa, miyar yasa da ake ci da shinkafa kusan dukanta albasa ce da lemun tsami. Mutanen waɗannan wurare sun gane cewa in nama ya yi tsada, albasa tana iya ɗaukar nauyin ɗanɗano. Mu da muke loda wa biranen kudu albasa mota-mota, ya kamata mu fi kowa sanin wannan.

Yadda ake dafa ta

Ga awo na gida mai mutum shida. Mun yi amfani da gwangwanin madara domin kowane gida yana da shi.

Shinkafa, gwangwani 4. Albasa matsakaita, guda 4, watau ƙwaya ɗaya ga kowane gwangwani. Man gyaɗa, rabin gwangwani. Ruwa, gwangwani 8. Gishiri, ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Dakakkiyar daddawa, ƙaramin cokali 2. In akwai tafarnuwa, citta, masoro ko attarugu, a sa kaɗan. In babu, abincin zai yi daɗi duk da haka.

1. A rege shinkafa cikin ƙwarya a fid da tsakuwa, a wanke sau ɗaya ko biyu, a zuba cikin kwando ta tsane sosai. Wannan shi ne aikin fari, domin ta sami lokacin tsanewa sa'ad da ake soya albasa.

2. A ɗora ruwan sanwa daban ya yi zafi, ko a gefen murhu ne. Ruwan sanyi a kan soyayyiyar shinkafa yana ja da dahuwa baya.

3. A raba kowace albasa biyu, a yanka siriri-siriri, kaurin ya zama ɗaya. In waɗansu sun fi waɗansu kauri, sirara za su ƙone kafin masu kauri su nuna.

4. A zuba mai cikin tukunya mai kaurin gindi. Kada a bari ya yi hayaƙi. A zuba albasa duka, a barbaɗa ɗan gishiri daga cikin wanda aka auna, gama gishiri yana jawo ruwan albasa waje. A riƙa juyawa lokaci lokaci. In gindin tukunya ya soma kamawa, a yayyafa ruwa cokali ɗaya, a kankare da ludayi. Abin nan ja da ya manne a gindi, ɗanɗano ne, kada a bar shi ya ƙone.

5. Sa'ad da albasa ta yi launin zuma, a kwashe kashi ɗaya cikin uku a ajiye a kwano. Wannan za a zuba a bisa lokacin rabawa.

6. A zuba daddawa da sauran kayan ƙanshi cikin albasar da ta rage, a juya na minti ɗaya. Tafarnuwa tana saurin ƙonewa, shi ya sa ba a sa ta tun farko.

7. A zuba shinkafar da ta tsane, a juya ta cikin mai minti biyu ko uku, har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. Man da ya rufe ƙwayar shi zai hana ta mannewa da 'yar'uwarta.

8. A zuba ruwan zafi da sauran gishiri, a juya sau ɗaya. In ya tafasa, a rufe da murfi mai kama baki, a janye itace, a bar garwashi. Daga nan hannu ya huta. Kada a buɗe, kada a juya, har minti 20 zuwa 25. Juyawa tana farfasa ƙwaya, ta sa shinkafa ta caɓe.

9. A sauke, a bar ta a rufe minti 10. Tururin da ya rage shi zai ƙarasa ta sama. Sa'an nan a buɗe, a warware ta a hankali, a zuba albasar da aka ajiye.

Awon ruwan nan na gumi ne, watau shinkafar da aka turara kafin a casa. Farar shinkafa da ba a turara ba, ko sabuwa wadda ba ta daɗe da zuwa daga gona ba, ba ta shan ruwa haka. Gwangwani 6 zuwa 7 ya ishe ta. Kowace uwargida ta san halin shinkafar rumbunta, sai ta daidaita bayan gwaji na fari. Wadda take da man shanu tana iya haɗa shi da man gyaɗa rabi da rabi. Wadda take da romon kaza ko na ƙashi ta sa shi a maimakon ruwa, ta rage gishiri.

Wace shinkafa?

Amsarmu ita ce ta gida, kuma gumi. Shinkafa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Jar shinkafar nan ta fadama iri ce ta Afirka, wadda aka fara nomawa a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Mali ta yau, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Yau kuma muna da irin zamani kamar FARO 44 mai doguwar ƙwaya, wanda ake nomawa daga fadamun Kebbi har zuwa Kura da Haɗeja. Sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mutanen birni da yawa sun koma ga shinkafar gida, ƙorafinsu kuwa ɗaya ne: tsakuwa. Tsakuwa ba daga iri take zuwa ba. Daga masussuka take, inda ake bugu da shanya a kan ƙasa tsirara. Tamfol ɗaya da ƙungiya za ta saya, a riƙa karɓa-karɓa, zai kawar da mafi yawan wannan abin kunya.

Dalilin da ya sa muka ce gumi shi ne lafiyar jiki. A cikin dusar shinkafa akwai bitamin B1, wanda jijiyoyi da zuciya ke bukata. Injin da ke goge shinkafa ta yi fari fat yana tafiya da shi. Amma in aka jiƙa shanshera, aka turara, aka shanya kafin a casa, wani kashi na bitamin ɗin yakan shige cikin ƙwayar, ya zauna. An gano muhimmancin dusar shinkafa ne a tsibirin Jaba na ƙasar Indunisiya, inda ciwon beriberi mai kashe ƙafafu ya addabi masu cin gogaggiyar shinkafa. A shekarun 1890 wani likita mutumin Holan, Christiaan Eijkman, ya lura cewa kajin da ake ba gogaggiyar shinkafa suna kamuwa da irin wannan ciwo, in aka mayar musu da mai dusa kuwa sai su warke. An ba shi kyautar Nobel a 1929. Ashe matan ƙauyukanmu masu turara shinkafa cikin rabin ganga suna yin aikin da ke kare lafiyar iyali, ko da ba su san sunan bitamin ɗin ba. Ban da wannan, gumi ba ya yawan karyewa a inji, kuma yana fita wara-wara a tukunya.

Akwai wata al'ada da ke ɓata wannan riba. Akan ba shinkafa tafasa ɗaya, a tsiyaye ruwan, a wanke, a sake ɗorawa. Bitamin B1 yana narkewa cikin ruwa, saboda haka wanda ya zubar da ruwan dahuwa ya zubar da shi. A irin girkin da muka bayyana a sama ba a zubar da komai. Ruwan da aka auna, shinkafa ce ke shanye shi duka.

Maganar dunƙule da gishiri

Ba mu ce dunƙule guba ba ne, ba kuwa mu ce a daina sayensa. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙasa da cikin ƙaramin cokali ɗaya. Wannan awo ya haɗa da na miya, da na yaji, da na ƙuli-ƙuli, da wanda ke ɓoye cikin dunƙule. Uwargidan da ta sa dunƙule uku ko huɗu cikin tukunya, ta kuma ƙara gishiri da hannu, ta sake yin haka da dare, iyalinta sun wuce awo ba da saninsu ba. Yawan gishiri yana cikin manyan abubuwan da ke kawo hawan jini. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Sau da yawa ba a sanin yana nan sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Manomin da ɓarin jikinsa ya shanye, gonarsa ta kwanta, kuɗin makarantar yara ya koma na magani.

Abin da ke sa harshe ya ji daɗin dunƙule, ban da gishiri, wani sinadari ne mai kawo ɗanɗano irin na romo. Irin wannan sinadari yana fitowa da kansa cikin kalwa sa'ad da ake ruɓa ta a yi daddawa. To, in aka haɗa daddawa da albasar da ta soyu sosai, an sami zaƙi, an sami ƙanshi, an sami ɗanɗanon romo, kuma mai girki ce ke riƙe da awon gishirinta. Wadda ta saba da dunƙule uku ta gwada ɗaya. Bayan mako biyu ko uku harshe yakan saba, har abincin dā ya zama kamar ya yi gishiri da yawa. Gishirin da za a sa kuwa ya zama mai aidin, wanda ke hana maƙoƙo.

A kuma yi lissafin kuɗi. Kowane gida ya ƙirga dunƙule nawa yake saye a mako, ya ninka sau 52, ya dubi abin da ya fito. Kuɗin nan fita suke yi daga ƙauye. Na daddawa kuwa hannun maƙwabciya suke shiga.

Ba ta isa abinci ita kaɗai ba

Kada a ɗauki maganarmu fiye da inda ta tsaya. Shinkafa da albasa tana cika ciki, tana ba da ƙarfin aiki, amma ba ta da isasshen abin gina jiki, musamman ga yara masu tasowa da mata masu ciki ko goyo. Tana bukatar mahaɗi. Mafi arha shi ne wake: a dafa shi daban a zuba a gefe, ko a ba shi rabin dahuwa a haɗa da shinkafar tun a tukunya, sai a ƙara ruwa kaɗan. Dafaffen ƙwai, busasshen kifi, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, duka suna tafiya da ita. Ranar biki kuwa, in an yanka kaza, wannan shinkafa ba za ta ba uwargida kunya a gaban baƙi ba.

Sai maganar saura. Dafaffiyar shinkafa ba ta son kwana da ɗumi. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, wadda tafasa ba ta kashe ƙwanta. In shinkafa ta daɗe a rufe cikin zafin ɗaki, ƙwayar takan farka ta yaɗu, ta zuba dafi mai sa amai da gudawa, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Saboda haka a dafa daidai ci. Gidan da ba shi da firiji, gara a raba abin da ya rage tun da zafinsa da a ajiye wa yara shi zuwa safe, balle a watannin Maris da Afrilu.

Abin da waɗansu za su ce

Wani zai ce mai ya yi tsada. Gaskiya ne. Amma a kwatanta da shinkafa da miya, wadda ke bukatar mai, da tumatir, da tattasai, da kuɗin niƙa. Tumatir kuwa a farkon damina yakan gagari talaka. Ba mu manta da 2016 ba, sa'ad da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, farashi ya tashi har miya ta gagari gidaje da yawa. Rabin gwangwanin mai ga mutum shida bai kai abin da miyar dage-dage ke sha ba.

Wata za ta ce minti 20 na suyar albasa ɓarnar itace ce. A duba da kyau. Albasa ƙaramar wuta take so, itace biyu sun isa. Shinkafar kuma a kan garwashi take ƙarasawa. Tukunya ɗaya ce a kan murhu maimakon biyu. Ranar da aiki ya yi yawa a gona, ana iya soya albasar tun da safe a ajiye a rufe cikin manta, da yamma sai a ci gaba daga inda aka tsaya.

Wani zai ce albasa tana sa warin baki. Ɗanya ce ke yin haka. Wadda ta soyu sosai, zafi ya riga ya kashe mafi yawan abin da ke kawo warin.

Akwai kuma maigidan da zai ce wannan duka zancen mata ne, me ya kawo shi cikin takardar manoma? To, wa ke tsayawa da dillali a bakin lambu? Wa ke cewa a loda duka? In maigida ya sayar da buhun ƙarshe a watan Maris, shi ya yanke abin da iyalinsa za su ci a watan Satumba, ko da bai taɓa riƙe ludayi ba. Hausawa sun ce, gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Rabon tukunya

Mu yi lissafi. Gidan da ke dafa wannan shinkafa sau biyu a mako yana bukatar albasa 8. In aka ƙara ɗaya kowace rana domin miya, ya zama 15 a mako, wajen 60 a wata, 360 cikin wata shida. Matsakaitan albasa 360 ba su cika babban buhu ba. Ko an ƙara na ruɓewa da na kyauta, buhu ɗaya ya ishi gida daga bazara har kaka. Buhun nan ɗaya, a lokacin da ake sayar da shi, shi ne mafi arha cikin shekara. In aka zo sayensa ƙwaya-ƙwaya da damina, sai a biya ninkin ba ninki.

Ajiyar albasa tana farawa tun a lambu. A daina ba da ruwa kamar mako biyu kafin cirewa. A jira har ganyen rabin gona ko fiye ya kwanta da kansa. Kada a zuba takin zamani mai sa ganye a ƙarshen noma, gama yana sa wuya ya yi kauri, mai kaurin wuya kuwa ba ta ajiyuwa. Bayan cirewa a shanya a inuwa mai iska kwana 10 zuwa 14, har wuya ya bushe, ɓawo ya yi ƙaraf-ƙaraf. In za a yanke ganye, a bar kamar faɗin yatsa biyu a bisa kan albasar, domin ta yankakken wuya ruɓa ke shiga.

Sa'an nan a tsince kashi uku. Lafiyayyu masu siririn wuya su ne na ajiya. Masu kaurin wuya, da tagwaye, da waɗanda fartanya ta taɓa, su ne na ci yanzu. Ƙanana, waɗanda dillali ke rainawa, suna da kyau ga tukunya kamar manya, wani lokaci ma sun fi su ƙarfin ɗanɗano.

Wurin ajiya ya zama a ɗage daga ƙasa, iska tana shiga ta ƙasa da gefe, ruwan sama ba ya taɓawa. Manoman Aliero a jihar Kebbi da na Galmi a jihar Tawa ta Nijar sun daɗe suna ajiyar albasa cikin rudu na kara da ciyawa. Albasar Galmi, mai launin shuni-shuni, ta yi suna a Afirka ta Yamma saboda tana jure ajiya. Kada a tara albasa tuli mai zurfi, kada a ɗaure ta cikin buhun leda. A riƙa dubawa duk mako biyu a fid da wadda ta soma laushi, gama ɗaya takan ɓata na kusa da ita.

Wadda ba za ta ajiyu ba, a busar da ita. A yanka siriri, a baza a kan tabarma bisa rumfa, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Zafin Maris da Afrilu zai busar da ita cikin 'yan kwanaki. In tana karyewa a hannu, ta yi. Kilo 10 na ɗanya yakan ba da wajen kilo ɗaya na busasshiya, wadda za ta shiga gwangwani mai murfi ta zauna har bayan damina. In za a yi shinkafa da ita, a ɗan jiƙa ta, a matse, a soya a kan wuta ƙasa-ƙasa, domin tana saurin ƙonewa. Lawashi ma kada a bar wa awaki duka. Iyayenmu sukan daka shi su dunƙula su shanya, su yi gabu, wanda ke riƙe musu miya har wata kakar albasa.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta sa cikin ajandar taronta na gaba, kafin a fara cire albasa. A yi shawara cewa kowane ɗan ƙungiya zai ware buhu ɗaya na gida kafin a kira mota, sakatare ya rubuta. Waɗanda ba su da wurin ajiya su haɗu su uku ko huɗu su gina rudu ɗaya. A kuma sa rana guda da mata za su taru, wadda ta fi iya suyar albasa ta nuna wa sauran a gaban murhu, maza su kawo itace da shinkafa, kowa ya ɗanɗana. Ƙungiyar da ba ta noman albasa amma tana da shinkafa tana iya yin musaya da maƙwabciyarta a watan Maris, lokacin da albasa ke arha, mudu da kwando, ba sai kuɗi sun shiga tsakani ba.

Ku gwada girkin nan cikin wannan mako, ku dubi agogo sa'ad da albasa ke kan wuta, ku ba ta minti ashirin ɗinta cif. Waɗanda suka gwada, muna so su aiko mana da labarin yadda ta kasance da irin shinkafar yankinsu, da awon ruwan da ya yi musu daidai, domin sauran 'yan'uwa su amfana.

Allah ya sa albarka cikin aikin hannuwanmu.